Babi na Shida: Makullin Ɗakin Kwamfuta

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Duk mai son shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha a Najeriya, dole ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu. Hukumar tana da hujja, kuma hujjar mai ƙarfi ce, domin satar amsa ta yi katutu a lokacin, sakamako kuma yakan ɗauki makonni bai fito ba. Sai dai matakin ya zo da wani abu da ba a cika faɗa ba. Ya mayar da iya sarrafa kwamfuta sharaɗin wucewa gaba, ga ɗan babban ma'aikaci a birnin Katsina da ɗan mai ƙwadago a ƙauyen Ƙafur baki ɗaya, ba tare da an tsaya an duba wanda ya taɓa ganin na'urar da wanda bai taɓa ba.

Wahalar tana farawa tun kafin ranar jarrabawa. Daga 2021 sai da lambar katin ɗan ƙasa ake rajista, sai an aika saƙon waya an karɓi wata lamba, sai an buɗe adireshin imel. Yaron da ya fito daga ƙauyukan Bakori ko Ɗanja ko Ɗandume zai biya kuɗin mota zuwa Funtuwa, ya biya mai shagon kwamfuta ya cike masa komai, ya koma gida bai san abin da aka rubuta da sunansa ba. Ranar jarrabawa kuwa, da yawa daga cikinsu ranar ce ta farko da hannunsu zai hau kan kibod. Hukumar ta san da haka, shi ya sa ta tanadi wasu 'yan haruffa da za a iya dannawa a zaɓi amsa ko a matsa gaba ko a koma baya ba sai an taɓa maus ba. Dabarar ta taimaka, amma ba ta cire tsoro. Yaro yana zaune yana fargabar kada ya taɓa wani wuri komai ya goge, minti goma sun tafi bai fara ba, na kusa da shi ya riga ya kai tambaya ta ashirin. Mai yiwuwa ya fi na kusa da shi sanin lissafi. Babu wanda zai taɓa sani. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta waje a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana niyyar mayar da WAEC da NECO duka kan wannan tsari. Wato ƙofar da a da take bakin jami'a yanzu tana matsowa cikin sakandare.

A takarda an daɗe da magance matsalar. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta sa darasin kwamfuta tun daga firamare. Abin da ke faruwa a aji shi ne malam ya rubuta ma'anar kwamfuta da Turanci a allo, ya zana akwati mai kusurwa huɗu, yara su bi shi da baki har su haddace. A 2018 hoton wani malami ɗan Ghana, Richard Appiah Akoto, ya zaga duniya saboda ya zana fuskar Microsoft Word da alli daki-daki don ɗalibansa ba su da na'ura. Duniya ta yi mamaki. Malaman karkarar Katsina ba za su yi mamaki ba, aikinsu ke nan kullum, kuma sun cancanci yabo a kansa. Amma haddar sunayen sassan kwamfuta ba ta koya wa yatsa inda harafi yake.

Abin da ya fi ciwo shi ne makarantun da suke da kwamfutocin. Akwai su, ba kaɗan ba, a manyan garuruwan yankin. Wasu ɗan majalisa ya kawo a aikin mazaɓa, wasu daga hukumomin tarayya masu kula da sadarwa, wasu tsofaffin ɗalibai suka yi karo-karo. An yi taro, an yanka kyalle, an ɗauki hoto. Ka koma bayan shekara biyu ka roƙi a buɗe maka. Za a aika yaro ya nemo mai riƙe da makulli, a jira, a zo a yi fama da kwaɗon da ya yi tsatsa. Ciki za ka tarar da teburori a jere, kowace na'ura an lulluɓe ta da zane, ƙurar hunturu ta kwanta a kan zanen har ana iya rubutu da yatsa. Zanzaro ya yi gini a bayan wata, ɓera ya ci wayar wata. Ka ɗaga kibod ka duba, haruffan fes suke, ko ɗaya bai koɗe ba. Janareto yana lungu, tankinsa a bushe.

Kada a yi saurin ganin laifin shugaban makarantar. Shi ya sa hannu cewa ya karɓi na'ura ashirin, ranar da aka zo bincike ashirin za a ƙirga. In ɗaya ta lalace a hannun yara, shi za a tuhuma, in kuwa duka suka ruɓe a kulle babu mai tambayarsa komai. Ba a ba shi kuɗin mai ba, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 awa ɗaya ta janareto ta zama abin lissafi. Wutar KEDCO, inda ma akwai turakun, ba ta san lokacin darasi ba. Malamin da ya iya abin sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne, shekara ɗaya ya tattara ya tafi. Duk mai hankalin da aka ɗora wa wannan amana a wannan hali, kulle ɗakin zai yi. Tsarin ne ya koya masa cewa ajiya ta fi amfani lada.

Ni a ganina kuskuren yana cikin abin da muke ƙirgawa. Rahoto yana cewa an raba kwamfuta kaza a makaranta kaza. Abin da ya kamata a tambaya shi ne awa nawa hannun kowane yaro ya yi a kan na'ura a zangon nan. A ɗauki misali: makaranta mai ɗalibai 800 da kwamfuta 20. In ana buɗe ɗakin awa shida a rana, kwana biyar a mako, yara biyu a kan kowace na'ura, kowane ɗalibi zai sami awa ɗaya da rabi a mako. A shekara uku wannan ya ishi yaro ya iya buga rubutu, ya iya ajiye aiki ya nemo shi, ya daina tsoro. Na'ura ashirin ɗin ba su yi kaɗan ba ke nan. A kulle ne ba su da amfani, ko da ɗari biyu ne.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba, manyan masana sun riga mu. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfuta ta dala 100. A Tunis aka nuna samfurinta a ƙarshen shekarar, Kofi Annan yana tsaye a wurin. Najeriya tana cikin ƙasashen farko da aka gwada, a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, da ƙananan na'urori masu launin kore da fari. Tunanin masu shirin shi ne a miƙa wa yaro na'ura, shi zai koya wa kansa. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba a ƙauyuka. Da aka yi bincike mai zurfi a makarantu sama da 300, sakamakon da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma karatunsu da lissafinsu ba su ɗaga ba. A Uruguay, inda aka haɗa rabon da horar da malamai da intanet a makarantu da wuraren gyara, shirin ya ɗore har yau. Na'ura iri ɗaya ce aka kai ƙasashen biyu.

Mutanen Funtuwa da Malumfashi ba sa bukatar zuwa Kudancin Amurka kafin su gane wannan, domin ƙasarsu ta sha karɓar baƙuwar fasaha. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920. Kamfanin BCGA na Turawan Ingila ya kafa injinan gurzar auduga a garuruwan biyu, Daudawa ta zama wurin gwajin noma, masaƙar Funtuwa ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Cikin duk abin da aka kawo, garmar shanu ce ta fi shiga jinin mutane. Baƙuwa ce, Turawa suka zo da ita, kuma da farko 'yan tsiraru ne suka karɓa. Ta zauna ne saboda abu uku sun haɗu. Akwai malamin gona da ke zuwa har gona ya nuna yadda ake horar da bijimi da yadda ake saita baki. Akwai maƙerin gari da ya koyi gyaranta, daga baya ya koyi ƙera ta ɗungurungum da ƙarfen tsohuwar mota. Sannan manomi ya ga da idonsa kunyar da a da take cin kwana uku an gama ta kafin azahar. Yau yaro ɗan shekara goma sha biyu yana riƙe garma yana huɗa a miƙe, babu wanda ya kai shi aji. Tarakta kuwa, wadda gyaranta sai an jira kaya daga Kaduna ko ƙasar waje, gawarwakinta suna nan birjik a harabar ofisoshi.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gwambe. Shi ya shimfiɗa hanyoyin karkara, ya gina cibiyoyin sayar da taki, ya watsa malaman gona cikin ƙauyuka, kuma yana cikin dalilan da suka sa masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama abin da tireloli ke lodi a kasuwar Ɗandume. Amma masu binciken da suka bi diddiginsa sun nuna wani abu da ya kamata mu riƙe: manyan manoma, masu faɗin gona da sanayya a ofis, su suka kwashi kaso mafi tsoka na taki da bashi da ziyarar malamin gona. Haka ilimin kwamfuta zai kasance in aka sake shi. Ɗan mai hali yana da babbar waya a gida, yana makarantar kuɗi, ana biya masa darasin share fagen JAMB. In an buɗe cibiyar koyarwa kyauta a tsakiyar gari, shi zai fara jin labari, shi ke da kuɗin acaɓa, shi zai iya cike fom ɗin da aka sa a intanet. Shirin da bai fita ya nemo ɗan talaka da gangan ba, ɗan mai hali zai ƙara wa ƙarfi.

To ina maƙerin wannan zamani? Yana bakin tasha da bakin kasuwa, ƙarƙashin lema ko cikin rumfar kwano, ana kiransa injiniya. Ka tsaya minti goma a rumfar mai gyaran waya a Funtuwa ka kalli yaron shagon. Bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Gabansa akwai tire cike da ƙananan kusoshi, da tsohon burushin haƙori, da ƙarfen narka dalma da aka jona da batirin sola. An kawo waya ba ta caji. Ya ɓalle bayanta da farce, ya kwance kusoshin ya jera su yadda ya ciro su don kada su rikice, ya ɗora mita ya ga ko wuta tana shiga, ya goge bakin cajin da burushi, ya sake gwadawa. Bai yi ba. Ya ɗaga kai ya ce, “Oga, ina jin sai an canza bakin.” Ogan ya leƙo, ya gyaɗa kai, ya ci gaba da nasa. Yaron ya jawo wata matacciyar waya daga kwali, ya ciro bakin cajinta, ya riƙe numfashi ya ɗiga dalma a ƙafafu biyar da ba su kai ƙwayar gero ba. Wannan yaro yana yin abin da kowane injiniya yake yi: ya yi zato, ya gwada, ya kawar da abin da ba shi ba ne, ya sake zato. Wataƙila ko aji uku na firamare bai gama ba.

Babu gwamnatin da ta tsara wannan makaranta. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, cikin 'yan shekaru aka sami masu gyara a kowane gari, suna sayo kaya daga kasuwar Farm Centre ta Kano, suna koya wa na baya kamar yadda ake koyon ɗinki da kanikanci. Uba ya kai ɗansa ya ce ga amana, yaro ya fara da shara da aike, a hankali a bar shi ya taɓa. Kusa da su akwai masu cajin waya, da masu tura fina-finai da karatun malamai a memori, da masu haɗa sola, da masu POS da suka yawaita bayan ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Ilimin fasaha mafi yawa da ɗan talaka yake samu a yankin nan, a waɗannan wurare yake samunsa.

Ba na so in wuce gona da iri wajen yabon rumfar. Tana da iyaka. Yaron ya san in ya canza wannan abu waya za ta tashi, bai san dalili ba, don haka ranar da kamfani ya sauya ƙira sai ya koma farko. Ba ya iya karanta zanen da ke nuna hanyoyin wuta. Ba shi da takardar shaida. Wani ogan yakan riƙe sirrin sana'a don kada yaro ya buɗe shago kusa da shi. 'Ya'ya mata kuma babu su a wurin sam. Makaranta tana da abin da rumfa ta rasa, rumfa tana da abin da makaranta ta rasa, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce tafiyar minti biyar ba. Me zai hana shugaban makaranta ya yi yarjejeniya da injiniyan bakin kasuwa, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako yana duba na'urori tare da ɗalibai, a biya shi wani abu? Kwamfutar da ta mutu a buɗe cikinta a gaban yara, ita ma darasi ce. Yaran shagonsa kuma a ba su awa biyu da yamma su koyi karatu da buga rubutu.

Karatun nan shi ne tushen da ake tsallakewa. Yaron da ba ya iya karanta jimla da Hausa, ka ɗora shi gaban kwamfuta, hotuna zai bi. Gaskiya ne saƙon murya na WhatsApp ya buɗe wa marasa karatu ƙofa, dillalin hatsi yana cinikin miliyoyi bai rubuta harafi ba. Amma mai saƙon murya mai amfani da na'ura ne kawai, ba zai taɓa ba ta umarni ba. Jihar Katsina tana da gogewa a nan, domin ita da Zamfara ne aka gudanar da shirin RANA na koyar da karatu da lissafi da Hausa a ƙananan azuzuwa, da tallafin UNICEF. Irin wannan aiki da darasin kwamfuta bai kamata a raba su ba. Abu na farko da yaro zai buga ya zama sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu, sannan wasiƙa zuwa ga yayansa da ke ci-rani a Legas. A nuna masa inda ƙ da ɗ da ɓ suke ɓuya a kibod ɗin waya. Turanci zai zo, dole ne ma ya zo tunda da shi ake jarrabawa, amma ba a koyon baƙon abu biyu a lokaci guda in akwai yadda za a raba su.

Abin da za a koyar ma ya kamata ya fito daga gona. Uban da ya saki ɗansa awa biyu ya yi asarar hannu ɗaya a aiki, yana da haƙƙin ya ga abin da aka samu. A koya wa yarinya ko yaro jadawalin lissafi da kuɗin gonar gidansu: buhun kamfa nawa, yuriya nawa, kuɗin huɗa, kuɗin 'yan ƙwadago a noman firi da maimai, maganin feshi, sannan buhu nawa aka samu da kaka, nawa aka sayar. Manoma da yawa ba su taɓa ganin wannan lissafi a wuri ɗaya ba, kuma ranar da ɗansu ya nuna musu cewa waken soya ya fi masara riba bana ko akasin haka, an gama jayayya a kan amfanin darasin. A koya musu ɗaukar hoton ganyen da tsutsa ta ci, irin tsutsar da ta afka wa masara tun 2016, da neman bayaninta. A koya musu karanta alamar guba a jikin kwalbar feshi. A koya musu gane alat na ƙarya, da cewa ba a ba kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki yake. Tun 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yana ministan noma aka fara raba takin tallafi ta saƙon waya, manomin da ba ya karatu yake miƙa wayarsa ga wani ya duba masa. Gara wanin nan ya zama ɗansa.

Sai maganar lokaci, wadda masu tsara shiri daga Abuja suke mantawa. Daga saukar ruwan shuka har a gama maimai, yaron karkara na gona ne, ko an rubuta sunansa a rajista ko ba a rubuta ba. Da kaka ga yankan dawa, ga ɓarar masara, ga cirar auduga har cikin sanyi. A Ɗanja da wuraren fadama akwai tumatir da rake da rani. Tsakanin Janairu da Afrilu ne yawancin gidaje suke numfasawa, kuma a lokacin ne rana ta fi ba sola wuta. Shirin da ya matsa darasinsa cikin waɗannan watanni zai sami yara. Almajirai kuma suna da Alhamis da Juma'a. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150, ta fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu suka koma kufai, kuma babban dalili shi ne an gina su ba tare da alarammomi sun ɗauke su nasu ba. Wanda ya je ya durƙusa gaban alaramma ya ce, “Allah gafarta Malam, ranar hutu muke roƙo, ba za mu taɓa lokacin allo ba,” ya fi kusa da samun amincewa. Yaron da ya iya zama ya haddace shafi, ya iya riƙe alƙalami ya rubuta baƙi da wasali ba kuskure, ba ƙaramin shiri yake da shi ba na koyon aikin da ɗigo ɗaya ke ɓata shi.

Maganar 'ya'ya mata ta fi kowace nauyi, kuma ba na jin daidai ne a kira tsoron iyaye jahilci. Uwar da ta ce ba ta son 'yarta da waya ta ga abin da ya sami 'yar maƙwabta: saurayi ya saya mata, hoto ya fita, aure ya lalace. Tsoron yana da tushe. Amma sakamakonsa shi ne yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a aji takan isa zauren jarrabawa ba ta taɓa danna komai ba, alhali ƙanenta ya saba da wayar abokai a dandali. Ita ce kuma gobe za ta nemi shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi, inda rajista da sakamako duk sun koma intanet. Abin da ke kwantar da hankalin iyaye sananne ne: malama mace, da rana, a cikin makaranta ko gidan da aka sani, na'urar kuma ta kwana a can. Shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Katsina take cikin jihohinsa na farko, ya sa koyar da 'yan matan sakandare fasahar zamani cikin ayyukansa. Abin da zai nuna ko ya yi nasara shi ne malamai mata nawa za su rage suna koyarwa bayan kuɗin shirin sun ƙare.

Duk wannan ana yin sa ne a ƙasar da tsaro ya taɓarɓare. Daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Makarantar kimiyya ce, irin wadda ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa yake samun shiga ya canza rayuwar gidansu. An sako su bayan kwana shida, amma an rufe makarantun kwana, kuma akwai iyayen da ba su sake mayar da 'ya'yansu ba. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Sabuwa da Ɗandume. Watanni mutane suna hawa mota zuwa inda sabis yake don su kira 'yan'uwa ko su karɓi kuɗi. Ko me mutum zai ce game da amfanin matakin, ya koyar da abu ɗaya: shirin da ya rataya gaba ɗaya a kan intanet, rana ɗaya zai iya tsayawa cak. Akwai manhajoji irin su Kolibri da Kiwix da ake zuba littattafai da darussa da Wikipedia a cikinsu, su yi aiki babu data ko kaɗan. Ƙananan na'urori da za a iya sawa a akwati a kai gidan mai unguwa da dare sun fi dacewa da ƙauyen Faskari fiye da babban ɗaki mai taga da kowa ya san abin da ke ciki.

Wuta kuwa sola ce amsarta, wannan an wuce muhawara a kansa, tunda masallatai da shagunan ƙauye sun riga makarantu. Inda ake tuntuɓe shi ne batir. Faifan sola yana shekara ashirin yana aiki, batir na gama-gari kuwa shekara biyu zuwa huɗu ya gaji, kuma mai ba da kyauta ba ya dawowa ya canza shi. A nan ne kwamitin makaranta, wanda mai unguwa da liman da iyaye suke ciki, yake da aikin da ya fi zaman taro. Manomi ba shi da kuɗi a watan Yuli, amma yana da hatsi a watan Disamba. Tiya biyu daga kowane gida da kaka, a ajiye a sayar idan farashi ya tashi da bazara, za su tara kuɗin batir kafin ya mutu, har a sami abin sallamar injiniya. A rubuta a littafi, a karanta a gaban jama'a bayan sallar Juma'a. Makullin kuma a yanka shi uku: ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin malamin darasin, ɗaya wurin wanda kwamiti ya zaɓa, tare da takarda daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma mai cewa na'urar da ta lalace a wurin koyo ba za a cire kuɗinta daga albashin kowa ba.